Daga Majema Zuwa Challawa: Yadda Sana'ar Jima Ta Yi Ƙaura a Kano

A darasinmu na tarihi na wannan mako za mu duba wata ƙaura da aka yi a Kano, wadda ba a yi ta rana ɗaya ba, ba a kuma yi mata shela ba. Ita ce ƙaurar sana'ar jima daga unguwannin cikin ganuwa zuwa rukunonin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa. Abin da muke son ganowa shi ne, idan jama'ar da sana'a ɗaya ta haɗa suka sauya matattara, mene ne ke bin su zuwa sabon wuri, mene ne kuma ke zama a baya. Sana'ar ba baƙuwa ba ce gare mu masu rubutu. Kafin injin ɗab'i ya zo ƙasar Hausa, littafin malam warwaren takardu ne da ake haɗawa a tadarishi a saka a gafaka, fatar da ake yin su da ita kuwa sai ta bi ta hannun majemi da baduku. Da yawan rubuce-rubucen magabata da muke tinƙaho da su yau, fata ce ta tsare su daga ƙura da damshi.

Zamanin cikin ganuwa

Sunan ƙasar Hausa a harkar fata tsoho ne. Tun a ƙarni na 16 matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir da ake kai kayansu har Tambutu da Gao. A Kano, cibiyar cinikin ita ce Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, takalma wuri miliyan 10, jemammun ƙiraga da jajayen fatu kuma wajen wuri miliyan 5, ya ce ana kai su har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce ta fi daraja, saboda laushinta da ƙarfinta. Da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take shiga Turai, sai masu saye a can suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, har manyan littattafansu suke yi wa bango da ita.

Yadda ake aikin a wancan zamani ya kamata mu san shi, domin a cikinsa ne za mu ga abin da ya ɗaure jama'ar wuri ɗaya. Majemi yakan karɓi fata daga mahauci ko dillali ya jiƙa ta, ya tsoma ta a ruwan toka da katsi har gashin ya saki, sannan ya shimfiɗa ta ya kankare da kartaji. Daga nan sai ta shiga ruwan kashin kaji ko na tattabaru don ta yi laushi, kafin a saka ta a kwatarniyar ruwan bagaruwa da aka daka, wanda shi ne ainihin jimar. Idan ta jemu a wanke, a shafa mata mai, a shanya, a yi ta ja ana murzawa. Wajen rini, karan dafi ke ba da ja, gangamau ya ba da rawaya, kuloko ya ba da baƙi. Bayan haka ne baduku zai yanka ya ɗinka takalmi da sirdi da kube da zabira da laya da gafaka.

Duk wanda ya lura da wannan jeri zai ga cewa kusan babu abin da ake saye daga nesa. Katsi daga ƙasan karofin marina yake fitowa, toka daga murhu, bagaruwa daga dajin da ke kewaye da birni, karan dafi daga gona. Abin da wani mai sana'a ya zubar shi ne kayan aikin maƙwabcinsa. Mahauci da majemi da marini da baduku da falke duk tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, har yau ma akwai unguwar Dukawa a cikin birni, ga kuma majemar da ke wajen Ƙofar Wambai. 'Yan kasuwar Gadamas da Tarabulus da ke sayen fatun su ma a cikin ganuwa suke zaune, a Dandalin Turawa, domin a wancan lokaci Larabawa ake kira Turawa.

Wannan kusanci ya haifar da abubuwan da ba a rubuta su a takarda ba. Yaro yana tashi a gidan jima ya fara da ɗebo ruwa da dakan bagaruwa, kafin ya balaga hannunsa ya san fatar da ta jemu da wadda ba ta jemu ba. Ana ba da kaya bashi bisa amana, domin mai karɓa an san gidansu, an san masallacin da yake salla. Kowace sana'a tana da sarkinta, kamar Sarkin Fawa da Sarkin Jima da Sarkin Dukawa, su ne ke sasanta rigima, su ne kuma bakin 'yan sana'a a fada. Idan majemi ya zubar da ruwan jima inda bai kamata ba, maƙwabci zai yi magana kafin magariba.

Kada dai mu mai da zamanin aljanna. Jima aiki ne mai wari da wahala, jama'a kuma ba su ba majemi girman da aikinsa ya cancanta ba, har akan yi ƙyamar haɗa aure da gidansa. Ruwan ƙazantar yana gangarawa kududdufai da rafin Jakara. Tattalin arzikin ƙarni na 19 ma ya jingina da aikin bayi a gonaki da hanyoyin fatauci. Sai dai abin da ake jemewa bai fi ƙarfin unguwa ba, kayan haɗin kuma na itace ne da ƙasa kan cinye.

Jirgin ƙasa ya ja ciniki waje

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka kafa mazauninsu a gabashin ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai. A Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, a cikinta har da sashen koyar da sana'o'in hannu irin su dukanci da ƙira. Wannan ƙaramin abu ne a lokacin, amma alama ce ta abin da ke tafe: sana'ar da ake gada a zaure ta fara zama darasin da ake koyarwa a bayan ganuwa, ƙarƙashin wani shugabanci daban.

Babban sauyi ya zo da layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. A 1911 ɗin ne kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi. Ayarin raƙuma da ke shafe watanni a Sahara ba zai iya gasa da jirgin da ke kai kaya Ikko cikin 'yan kwanaki ba. Kamfanoni irin su London and Kano Trading Company da Niger Company da John Holt da Ambrosini suka kafa kantuna da rumbuna kusa da tasha. Mun fi jin labarin gyaɗa da dalarta da Alhaji Alhassan Ɗantata, amma ƙirgi da fata suna cikin manyan kayan da jirgin ya riƙa ɗauka zuwa teku.

Akwai wani dalili daga ƙetare da ya sa wannan sauyi ya taɓa majemi kai tsaye. A 1884 wani mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da sinadarin kurom a Amurka. Wannan hanya tana gama jima cikin kwana ɗaya ko biyu, fatar kuma tana jure ruwa da zafi, ga ta da sauƙin rini. Manyan majemun Amurka da Turai suka koma kanta, don haka abin da suka fi bukata daga Kano shi ne ɗanyar fata busasshiya da za su jeme da kansu. Gwamnatin mulkin mallaka ta mai da hankali ga gyara fiɗa da shanya: aka sa ma'aikatan duba fata, aka koya wa mahauta guje wa huda ta da wuƙa, aka kawo shanya a inuwa a rataye maimakon shimfiɗawa a ƙasa cikin rana. Fatu masu kyau suka riƙa wucewa daga mahauta zuwa kanti ba tare da sun biya ta majema ba.

A wannan mataki majema ba su tashi daga unguwarsu ba. Cinikin ne ya tashi ya bar su. Waɗanda suka iya bin sa su ne dillalai da 'yan fata, domin jarinsu sanin mutane ne da sanin kaya, abubuwa biyu da ake iya tafiya da su ko'ina. Su ne suka zama gada tsakanin mahautan karkara da kantin Bature, suna karɓar kuɗin gaba daga kamfani suna rarraba wa yaransu a kasuwannin ƙauye.

Bompai: aiki ya koma ƙarƙashin agogo

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara tunanin sarrafa kaya a gida kafin a fitar. Injinan matsar gyaɗa suka fara, masaƙu suka biyo, haka ma majemun inji, waɗanda John Holt da Great Northern Tanning ke cikin na farko-farko. Bompai ce ta zama rukunin masana'antu na farko a Kano, ta bunƙasa a shekarun 1950 da 1960, saboda tana kusa da layin dogo da filin jirgin sama da unguwar Turawa. Tsarin raya birnin Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda B.A.W. Trevallion ya jagoranci rubutawa, ya ƙarfafa ra'ayin raba wurin kwana da wurin masana'antu. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna, sai aikin ya ƙara sauri.

A majemar inji, babbar ganga mai juyawa ta maye gurbin kwatarniya, farar ƙasa da sinadarai na kanti suka maye gurbin toka da katsi, kurom ya maye gurbin bagaruwa. Abin da gida guda ke jemewa a wata, ganga ɗaya tana iya ɗaukarsa a juyi ɗaya. Aikin da mutum ɗaya ya sani daga farko har ƙarshe aka yanyanka shi: wannan yana kan injin kankara, wancan yana kan injin aske kauri, wani yana awon faɗi. Ilimin haɗa sinadarai ya koma hannun ƙwararru 'yan kaɗan, da yawansu baƙi daga Turai da Asiya, sai kuma waɗanda suka yi karatu a cibiyar binciken fata da ke Samaru a Zariya.

Su wane ne suka cika waɗannan masana'antu? Ba 'ya'yan majema ne suka fi yawa ba. Masanin nan Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a cikin ma'aikatan Kano a farkon shekarun 1970 ya kuma fitar da littafinsa a 1986, ya nuna cewa da yawan leburorin baƙi ne daga karkara, ciki har da tsofaffin almajirai da gardawa. Sun zauna a unguwanni irin su Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata, suna shiga aiki da ƙarar jiniya. Ba su da Sarkin Jima da za su kai wa kuka, sai suka gina nasu zumuncin daga abin da suka zo da shi: zaman tsangaya, da sahun salla, da adashi. Neman lokacin salla da wurin yin ta na cikin abubuwan da suka fara haɗa kansu a gaban masu kamfani. A 1971, da aka yi jinkirin biyan ƙarin albashin kwamitin Adebo, ma'aikatan Bompai suka fita yajin aiki suna bi masana'anta bayan masana'anta. Sabuwar jama'a ta samu ke nan a sabon wuri, amma ba ta gaji ta cikin ganuwa ba, daga tushe ta fara.

Sharaɗa da Challawa

Kuɗin man fetur na shekarun 1970, da dokokin mallaka wa 'yan ƙasa hannun jari na 1972 da 1977, sun sa masana'antu sun yi yawa har Bompai ta cika, gidaje kuma suka kewaye ta. Aka buɗe Sharaɗa a kudu maso yammacin birni, aka yi ta kashi uku, daga baya aka ƙara gaba zuwa Challawa, wajen Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso ta yau. Jima tana shan ruwa sosai, tana kuma bukatar fili da mazubar ƙazanta, don haka manyan majemu suka taru a waɗannan wurare biyu, musamman Challawa.

Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an dace. Masaƙu da sauran masana'antun da ke sayar wa kasuwar cikin gida suka riƙa rufewa, duk wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa yau zai ga gine-ginen da suka koma rumbunan ajiya ko kangaye. Majemu sun fi jurewa, domin da kuɗin waje ake sayen kayansu. Gwamnati ta hana fitar da ɗanyar fata da wadda aka yi wa rabin jima, ta kuma kawo tallafin faɗaɗa fitar da kaya, wanda aka dakatar a 2014 aka dawo da shi a 2017. Kano ta zama matattarar fatun Nijar da Cadi da Kamaru da ma wasu ƙasashe, ana kawo su a gishirce a manyan motoci, kakar kasuwar kuwa ita ce bayan Babbar Salla.

Ribar wannan ƙaura a fili take. An samu aikin yi ga dubban mutane, an samu kuɗin shiga daga waje, fatar Kano tana isa Italiya da Sifaniya inda ake yin jakunkuna da takalma masu tsada. Wari da ƙazantar da da za su cika cikin birni sun koma bayan gari.

Asarar kuma ta fi ɓoyuwa. Ta farko ita ce yankewar igiyar da ta haɗa majemi da baduku. Fata mai daraja ta ɗaya jirgi take bi, mai ɗinkin takalmi a Ƙofar Wambai ko a kasuwar Ariaria ta Aba sai ya nemi ragowa, ko fatar da aka shigo da ita, ko roba mai kama da fata. Ƙirgin shanu kuwa da yawansa tukunya yake shiga a matsayin ganda. Kamar yadda aka taɓa kiran fatarmu ta Maroko, yanzu ma da sunan wata ƙasa take isa hannun mai saye.

Ta biyu ita ce idon maƙwabci. Ruwan dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara ya tafi dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, kogin da birnin Kano ke shan ruwansa tun wajen 1930, lokacin da aka gina matatar ruwa a Panshekara zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Binciken malaman jami'a, ciki har da na Jami'ar Bayero, ya sha nuna kurom da wasu ƙarafa masu cutarwa a waɗannan ruwaye da ƙasar da ake noman rani da su. Kayan lambun da ake nomawa a nan kasuwanninmu suke zuwa. A da mai ɓarna da wanda aka yi wa ɓarna sahu ɗaya suke bi a masallaci. Yanzu manomin bakin rafi bai taɓa ganin mai kamfani ba, aikin da kunya da sarkin sana'a ke yi ya koma wuyan hukuma. Hukumar kare muhalli ta tarayya ba a kafa ta ba sai 1988, wadda ke tilasta bin ƙa'idojin kuma sai 2007. Masana'antu sun riga dokar isa wurin da shekaru masu yawa.

Ta uku ita ce harshe da sani. Tsohuwar majema ba ta mutu ba, har yanzu ana jima da bagaruwa a wajen Ƙofar Wambai, ana yin buzu da fatun dukawa da na kayan tsaraba. Amma matasan da ke shiga sun ragu, kalmomin sana'ar kuma ba su bi ta zuwa Challawa ba. A can da Ingilishi ake kiran matakan aiki da injina. Duk dattijon majemi da ya rasu yana tafiya da sunayen da ba lallai ne a same su a ƙamus ba.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Ba Kano kaɗai ta sha wannan ba. A Dhaka, babban birnin Bangaladash, majemu kimanin 150 na unguwar Hazaribagh sun daɗe suna gurɓata kogin Buriganga. An fara shirin tashinsu a 2003, aka yi ta jan ƙafa, har a watan Afrilu na 2017 aka yanke musu wuta da gas da ruwa bisa umarnin kotu, suka koma Savar. Sun isa sabon wuri matatar ruwan dagwalo ba ta kammala ba, babu gidajen ma'aikata, ƙananan masu sana'ar da ke cin abinci a gefen majemun kuma aka bar su a baya. Ƙazantar ta koma kogin Dhaleshwari. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A birnin Fas na Maroko kuwa, an bar tsohuwar majemar Chouara a cikin ganuwa tana aiki da farar ƙasa da kashin tattabaru kamar yadda aka gada, masu jima da kurom suna bayan gari. Tun da aka sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, baƙi ke tururuwa kallon majemar, dukawan da ke kewaye da ita suna ciniki. Su ma suna da matsalar gurɓatar ruwa, amma sun nuna cewa buɗe sabon wuri ba ya tilasta a yi watsi da tsohon.

Inda abin ya shafe mu

Idan muka haɗa waɗannan, abin da tarihin ke nunawa shi ne kaya da kuɗi da injina suna da sauƙin ƙaura, haka ma dillalin da ya san kowa. Koyo daga manya, da mai tsawatarwa, da ajiyar abin da aka sani, ba sa hawa mota da kansu. Idan ba a yi niyyar ɗaukarsu ba, a tsohon gida suke zama har su tsufa tare da masu su.

Mu marubutan Hausa mun san irin wannan tafiya. Cibiyarmu ta fara ne a Zariya, da gasar 1933 da Kamfanin Gaskiya na 1945 da NNPC na 1966. A shekarun 1980 ta dawo Kano, marubuta suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda ake duba wa juna rubutu kafin a kai maɗaba'a. Yanzu kuma mun koma cikin waya. Mun samu masu karatu daga Yamai har Jidda, mace tana ɗakinta tana fitar da labari ba tare da ta nemi kuɗin takarda ba. Amma nawa ne daga cikinmu ke da babban da ke karanta masa rubutu ya gyara ƙa'ida kafin ya saki? Ina ake ajiye abin da muka rubuta bara? Ƙananan littattafan shekarun 1990 ma da aka buga a takarda, da yawansu sun yi wuyar samu, ba don jerin sunayensu na 1987 zuwa 2002 da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara aka buga a 2004 ba, da wasu ko sunansu ba za a tuna ba. Labarin da ke cikin waya kuwa ya fi takarda saurin ɓacewa.

Sannan ga wani aiki da ke jiran alƙalumanmu. Labaranmu sun cika da attajirai masu kamfani a Sharaɗa, amma da wuya ka ga leburan da ke tsaye gaban ganga tun asuba, ko gardin da ya baro tsangaya ya shiga Bompai a 1970, ko 'yar majemi da aka ƙi aurenta saboda sana'ar ubanta, ko manomin latas a bakin Getsi. Waɗannan mutane suna nan da ransu. Tsofaffin ma'aikatan Bompai suna zaune a Dakata da Gwagwarwa, dattawan majema suna Ƙofar Wambai. Wanda ke da hali a cikinmu ya je ya gaishe su da ladabi, ya nemi izini, ya tambayi sunan kowane kayan aiki da kowane mataki, ya rubuta yadda suka faɗa da bakinsu, da ranar da aka yi hirar da wurin da aka yi ta. Ya ajiye kwafi a takarda, ya ba wani amintacce kwafi na biyu. Wanda ke Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi ko Damagaram, akwai majema a garinsu, ya yi haka nan.

Allah ya jiƙan magabatanmu masu sana'a, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.